Shekara Arba'in Yana Amsa Sunan Wansa Mamaci, Kuma Ni Na Sa Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa ga mai kula da wannan shafi, da malamai da dattawa da sauran masu karatu, maza da mata. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma duk sunayen da zan ambata na aro ne. Ina kuma roƙon wanda zai ba ni amsa ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Ba don ina da hujja ba. Sai don wannan ne karo na farko da maganar ta fito daga cikina, kuma ina so a auna ta gaba ɗayanta.

Ni dattijo ne, na ba saba'in baya da jimawa. Na yi karatun allo a zauren mahaifina, na yi elemantare a Tambuwal, na wuce Sakkwato a zamanin da malami ke duba rubutun yaro da rula a hannu. Na yi aiki har na yi ritaya ba a taɓa tsayar da ni gaban masu bincike ba. A unguwarmu, in iyakar gona ta rikice ko rabon gado ya cije, ni ake aiko wa. Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da wannan suna, na kuma raine shi kamar ɗa.

A shekarun da aka ƙirƙiro jiharmu, lokacin da kuɗin man fetur ya fara isowa har ƙauyuka, an kafa wata ƙungiyar manoma mai ofishi a Tambuwal da babban sito na hatsi a Kebbe. An ba ta taraktoci don yi wa membobi huɗa bisa layi. Ni ne sakatarenta na farko, ina saurayi mai ji da kansa. Ni na zauna da rula da tawada na zana matakan albashin ma'aikatanta a kan babbar takarda: leburori a ƙasa, sai masu gadi, sai akawu, sai direbobin tarakta a samansu, domin a lokacin wanda ya iya wannan ƙarfe abin nema ne. Ni kuma na rubuta dokar da ta ce idan ma'aikaci ya rasu a bakin aiki, wajibi ne sakatare ya kai rahoto ga kwamiti, ya bayyana inda abin ya faru da wanda ya aike shi, sannan a biya magadansa haƙƙinsu a dunƙule.

Mafi ƙwarewa cikin direbobinmu shi ne Ummaru, mutumin Fakku, dogo, mai yawan barkwanci. Taraktarsa yake kira amarya, yana goge ta da tsumma kafin ya karya kumallo. Ni kuwa a lokacin na sayi wata fadama a gefen Kebbe, da sunan surukina, saboda ba a so a ga ma'aikacin ƙungiya da gona a inda taraktocin ke aiki. Da ruwan farko ya sauka, na kira Ummaru gefe na ce ya fara da wannan fadama kafin ya shiga gonakin da ke kan layi.

Ya sosa ƙeya ya ce, "Sakatare, yau layin mutane na. Tun asuba suna can suna jiran amarya."

Na ce, "Wa yar rubuta layin?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai na, rankai daɗe. To, amarya ta ji."

Ya tafi. Gaɓar wani kwazazzabo da ruwa ya zaizaye ta ƙasa ta rufta da shi, taraktar ta kife a kansa. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Ya bar uwa tsohuwa, da mata, da 'ya'ya biyu ƙanana.

Kwana uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Me zan rubuta a rahoton, inda ake tambayar wanda ya aike shi? Wace gona zan ce yana nomawa, alhali mutanen da ke kan layi sun wuni suna jiransa bai zo ba? Ni da na tsara dokar, ni za ta fara ci? Ranar sadakar uku na je Fakku, na ga ƙanensa Nomau zaune a bakin tabarma, saurayi ɗan kimanin shekara ashirin, idanunsa jajur. A nan dabarar ta zo mini, kuma ina shaida wa Allah ba tausayi ne ya fara kawo ta ba. A ƙasarmu abin da aka saba shi ne, idan mai riƙe da wani aiki ya rasu, ɗan'uwansa ya gaje shi, aikin bai bar gidan ba. Da wannan al'ada na lulluɓe abin da nake nufi. Na tara dattawan gidan na ce musu kuɗin da ake biya a dunƙule zai ƙare kafin kaka, amma albashin wata-wata zai riƙe marayu har su girma. Na ce ɗaukar sabon ma'aikaci sai da amincewar manya, kuma ba lalle a ba su ba. Hanya ɗaya ce: kada a kai rahoton rasuwa, Nomau ya riƙa amsa sunan wansa ranar biya. Tsohuwar ta ɗaga hannu biyu daga bayan zana tana sa mini albarka. Dattawa suka ce ba su taɓa ganin ma'aikacin boko mai zuciya irin tawa ba.

Nomau kaɗai ya biyo ni har bakin babur ɗina, ya durƙusa ya ce, "Rankai daɗe, kuɗɗin ga halas na?"

Na ce masa, "Kai dai ka yi aikinka. Alhakin yana wuyana."

Na koma ofis na rubuta cewa taraktar ta lalace a hanya, ba ta gyaruwa. Na rubuta cewa an mayar da Ummaru gadin siton Kebbe, amma an bar shi a matakinsa na direba saboda daɗewarsa. Nomau kuma ya kama gadin. Ƙarshen wata, da kaina na je biya. Ma'aikata suna zaune a inuwar sito, na buɗe takarda na ɗaga murya na ce, "Ummaru Fakku!" Kowa ya sunkuyar da kai, domin dukansu sun yi wa Ummaru sallar jana'iza. Can sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Na'am." Jama'a, wannan na'am ɗin ban daina jinta ba. Nakan ji ta ina cikin alwala. Nakan ji ta idan jikana ya amsa kirana daga cikin gida.

Bayan 'yan shekaru na samu aikin gwamnati na bar ƙungiyar. Sakatarori suka yi ta zuwa suna wucewa, kowa ya gaji fayil ɗin kamar yadda ya same shi. A Kebbe kowa Nomau yake kiransa, takarda ce kawai ta san shi da Ummaru, kuma waɗanda suka san dalili sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da wannan albashi ya raini 'ya'yan wansa har ya aurar da su, sannan ya raini nasa. Kowace kaka yakan zo gidana da damin gero da kaji biyu, ya durƙusa a zaure ya ce ya zo gaida mai taimakonsu. Ni kuma in karɓa, in sa a ba shi fura. Sau nawa na yi niyyar in ce ya mayar da kayansa? Da wane baki? Haka muka ci geron nan ni da iyalina, shekara da shekaru.

Bana ƙungiyar ta samu tallafi daga wata cibiya, bisa sharaɗin a shigar da dukan ma'aikata cikin manhajar kwamfuta ta kula da ma'aikata. Sakataren yanzu, Malam Kabiru, ɗan wani aminina ne marigayi, mutum mai tsoron Allah da ya haura arba'in. Ya zo har gida ya ce, "Baba, kai kaz zana matakan farko, kai ya kamata ka zana na ƙarshe. Mu na'ura munka iya, kai ka san mutane." Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya dace. Na sa babbar riga na tafi.

Mako biyu muna zaune a ofis, shi yana bugawa ni ina faɗa. Tsarin abin shi ne, kowane aiki sai an buɗe masa gurbi, a sa masa mafi ƙarancin albashi da mafi yawansa, yadda ba wanda zai faɗi ƙasa da iyaka ko ya haura ta. Sannan a liƙa wa gurbin haƙƙoƙinsa: kuɗin magani na ma'aikaci da iyalinsa, kuɗin sallama bisa yawan shekarun da ya yi, da abin da za a ba magada idan ya rasu. Na tsaya kai da fata cewa mai gadi da akawu kuɗin maganinsu ɗaya ne, domin zazzaɓi ba ya duba mataki. Na yanke shekarun da mutum zai kai a sallame shi. 'Yan kwamiti suka yi ta jinjina mini, ni kuma ina gyara hula. Wallahi a cikin kwanakin nan ban tuna da Kebbe ba, ko kuwa na hana kaina tunawa, Allah ne masani.

Da aka gama gurabu, aka shiga sa mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da lambar katinsa na ɗan ƙasa da zanen yatsansa, waɗanda aka riga aka tattaro. Ranar Talata da hantsi Malam Kabiru ya jawo wani tsohon fayil da gefensa ya ci, ya fara bugawa. Allon ya nuna ja. Aikin da ke rubuce, direban tarakta, babu shi cikin gurabun, domin rabon ƙungiyar da tarakta an fi shekara talatin. Ya mayar da shi mai gadi, allon ya sake nuna ja, domin albashinsa ya haura iyakar da na sa wa masu gadi. Ya buga shekarar haihuwa, ja ta uku ta fito.

Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Baba, zo ka ga yayanka! Wanga tsoho ya girme ka nesa, kuma har yau shina gadin sito. A nemo muna irin furar da shika sha."

Sai ya ɗauko katin da aka karɓo daga Kebbe, dariyar ta ɗauke. Katin Nomau ya ce, yatsan ma Nomau ya ce. Ya juya shafukan fayil ɗin a hankali, ya ce, "Shafin farko rubutunka na, Baba, ko cikin dubu ina gane shi. Ka tuna da wannan Ummarun?"

Na cire tabarau na goge, na mayar, na ce, "Direbobi suna da yawa a lokacin. Fayilolin da ba su rasa kurakurai."

Wannan ita ce ƙarya ta biyu, kuma ta fi ta farko sauƙin fita, abin da ya tsorata ni ke nan. Malam Kabiru, saboda kyakkyawan zaton da yake yi mini, ya gina nasa labarin: wataƙila Ummaru ya bar aiki ko ya rasu bayan tafiyata, wannan mutum ya haɗa baki da wani sakatare na baya ya shige gurbinsa. Har ya ambaci sunan wanda yake zargi, bawan Allah da ya daɗe a kabari, ni kuma ina zaune na bar shi a kan zarginsa. Hukuncin da kwamiti ya riga ya amince da shi, da hannuna a ciki, shi ne duk wanda aka samu yana cin albashi da sunan wani a cire shi ba sallama ba komai, a karanta sunansa a babban taron membobi, kuma a iya miƙa shi ga hukuma.

Na tambaya, kamar mai neman sani kawai, ko ba za a iya goge sunan a sa na mai katin ba. Ya ce idan aka shigar da shi da sunan Nomau, na'urar za ta ɗauke shi sabon ma'aikaci da ya fara yau, ba shi da ko shekara ɗaya, kuma shekarunsa sun wuce na ɗauka aiki. Ya ce duk abin da aka sauya, manhajar tana ajiye wanda ya sauya da lokacin da ya sauya, ba irin fayil ba ne da za a zare shafi. Hanya ɗaya ce a haɗa masa shekarunsa da sunansa na gaskiya: wani jami'in da ya san asalin maganar ya rubuta shaida ya sa hannu, ya karanta ta gaban kwamiti, cewa ƙungiya ce ta sa shi, ba shi ya sa kansa ba. Ya ce, "Amma ina za a samu wannan, Baba? Duk sun mutu."

Shekaranjiya na hau motar Kebbe da safe, ban gaya wa kowa inda za ni ba. Na same shi a gindin bishiyar da ke gaban sito yana ɗinke bakin buhu da basilla. Ya tsufa, gemunsa fari fat, gwiwoyinsa sun fara ƙi. Duk da haka ya yunƙura zai durƙusa, na hana shi. Ya shimfiɗa mini buzunsa, shi ya zauna a ƙasa. Labari ya riga ni isa.

Ya ce, "An ce na'ura ta gano ni, rankai daɗe. An ce ba ta jin magiya."

Na ce ana kan duba maganar.

Ya ce, "Ba yunwa nika tsoro ba. Ina da gona, ɗiyana sun girma. Sallamar ma in ba a ba ni ba, Allah na nan. Amma a tara mutanen Kebbe da na Fakku a ce Nomau ɓarawo na? Ɗana shi ka jan salla a masallacin unguwa. Ɗiyana mata fuɗu suna gidajen mutane. Shekara arba'in da 'yan kai ina kwana bakin ƙofar ga, ko mudu guda bai taɓa ɓata ba. Mi za ni ce musu?"

Na buɗe baki in faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba. Na fara da cewa akwai abin da bai sani ba game da ranar da wansa ya rasu, da fadamar da abin ya faru. Ya ɗaga hannu a hankali, ba tare da ya kalle ni ba.

Ya ce, "Na san gonar wa ta. Da safen nan ya biyo gida shan ruwa, yac ce mini Sakatare ya aike shi fadamatai. Ni nij jawo shi daga ƙarƙashin ƙarfen."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Ashe duk shekarun nan ya sani? Ya sani ranar da ya durƙusa a bakin babur ɗina? Ya sani duk lokacin da ya zo gaisuwa, ya kira ni mai taimakonsu? Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce ajali ne ya kai wansa can, ba ni ba, kuma da ya yi magana da marayu sun rasa abinci. Ya ce ya yafe tun tsohuwarsu na da rai. Wannan yafiya ta fi mini zafi da a ce ya tofa mini yawu a gaban kasuwa.

Da na tashi tafiya ya raka ni har bakin hanya, yana jan ƙafa. Sai ya rage murya ya ce, "Rankai daɗe, kar ka damu kanka. Ran Alhamis mai zuwa in kwamiti ya kira ni, za ni ce ni kaɗai niy yi. Za ni ce bayan ka bar aiki na, ba ka san komi ba. Kai babba na, mutane da yawa suna tsaye da sunanka. In anka ce kai ma haka kake, wa za su kai ma ƙara? Ni an saba ganina ƙasa."

Ga abin da ya sa na rubuto, kuma shi ne mafi muni cikin duk abin da na faɗa. Da ya yi wannan magana, sanyi na ji a ƙirjina, irin sanyin wanda aka sauke wa kaya. Ban ce masa a'a ba. Ban ce masa ya daina wannan zance ba. Ni da nake yi wa mutane wa'azin amana a zaure, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Bari mu gani, Nomau." Ya ce, "Allah shi kai ka lafiya," ya tsayar mini da mota, ya buɗe mini ƙofar gaba.

Kwamiti zai zauna ranar Alhamis mai zuwa, kuma ni ne zan zauna a kujerar dama da shugaba. Idan na rubuta shaidar, dole in faɗi dalilin ɓoye rasuwar, domin Malam Kabiru ba zai karɓi rabin magana ba, kuma ba ni da tabbacin za a tausaya wa Nomau ko a ce mu biyu muka haɗa baki. 'Ya'yan Ummaru za su ji inda ubansu ya mutu da wanda ya tura shi. 'Ya'yana za su ji. Duk hukuncin da na taɓa yankewa tsakanin mutane za a sake dubansa da wani ido. Idan kuwa na yi shiru, wani tsoho zai miƙe a gabana ya yi wa kansa ƙazafi don ya rufa mini asiri, a karanta sunansa na gaskiya karo na farko a tarihin ƙungiyar nan, a matsayin ɓarawo. Shin in fara zuwa wurin 'ya'yan Ummaru, ko wurin Malam Kabiru? Akwai hanyar da zan wanke shi ba tare da na tsaya gaban mutane ba, ko neman wannan hanya ma wani sabon zunubi ne? Malamai su faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, kada a duba furfurata.

Kwana biyar suka rage, kuma na fi tsoron kaina a kan kowa, domin na ga abin da bakina ke iya faɗa idan aka ba shi mafita. Don Allah, jama'a, me zan yi?